Bayani A Kan Motar Da Ta Ƙi Tashi Bayan An Gyara Injinta

 Ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata rigima ce da aka kawo zaurena a nan Wusasa, bayan ganuwar birnin Zazzau, cikin kakar da ta wuce. Rigimar kuwa a kan wata tsohuwar mota ce, wadda aka kashe wa kuɗi aka gyara injinta, sa'an nan ta ƙi tashi. Ni ba makaniki ba ne, aikina allo da tawada. Amma a gabana aka warware al'amarin, na kuwa yi ta tambayar masu sani har na fahimta. Na ga ilmi ne wanda zai tsare wa ɗan kasuwa dukiyarsa, ya tsare wa mai sana'a mutuncinsa, saboda haka na ce bai kamata in yi shiru da shi ba.

Asalin motar

Motar Peugeot 504 ce, wadda mu ke kira Fijo, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, watau a-kori-kura. A Faransa aka fara ƙera 504 cikin 1968. A 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, wanda ya yi ƙuruciyarsa a nan Wusasa, aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna. Daga nan Fijo ta game ƙasa, ita ce ta ma'aikatan gwamnati, ita ce ta tasha, ita ce ta kai kaya kasuwar ƙauye. Faransa ta daina ƙera ta fasinja a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har bayan shekara ta 2000. Dalilin da ya sa har yanzu a ke ganinta ke nan a hanyoyinmu, ta tsufa amma ba ta kwanta ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sauya mota ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Wanda ke da tsohuwa sai ya riƙe ta da kyau, don ita ce rabin jarinsa. Ranar da ta kwana a gareji, ranar ciniki ya tsaya.

Yadda rigima ta tashi

Mai motar maƙwabcina ne, mai fataucin hatsi. Yakan sayo masara a kasuwannin Giwa da Soba ya kawo Zariya, wani lokaci ya wuce da ita Dawanau ta Kano. Tun da damina motar ta soma shan baƙin mai, tana fid da hayaƙi shuɗi, in ta ɗauki kaya ba ta hawan tudu sai da ƙyar. Da kaka ta matso ya kai ta garejin wani saurayi. Aka sauke inji, aka sa sababbin ringi da mital da gaskit, aka wasa bawul, aka mai da kome wurinsa. Aka murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa bai kama ba. Sai dai can ya yi wata irin atishawa ta kafireta, ko kuwa ya buga ta salansa kamar bindiga.

Saurayi ya ce batir ne, aka sayo sabo. Ya ce kwayil ne, aka sayo. Ya ce fulogi ne, aka sauya duka huɗu. Ya ce kafireta ce, aka nemo ta hannu a Sabon Gari. Kwana 9 mota ba ta motsa ba. Ga shi kuwa akwai kuɗin mutane a hannun Alhaji, waɗanda suka ba shi amana ya sayo musu masara tun tana araha, kowace kasuwa kuma farashi sai gaba ya ke yi. Da ransa ya ɓaci sai ya tsaya a tsakiyar gareji ya ce wa saurayin, "Kai, ka sayar da sababbin kayana, ka mai da mini tsofaffi!" Saurayi ya yi ta rantsuwa, ya ce in an yarda a sāke sauke injin a buɗe kowa ya gani. Alhaji ya ce shi ofishin 'yan sanda za shi. Maƙwabta suka shiga tsakani, suka kawo su wurina.

Na ce musu ba na yanke hukunci a kan abin da ban sani ba. Akwai wani dattijo cikin masu ɗaukar karatu wurina da dare, ya yi shekaru yana gyaran Fijo kafin ƙarfinsa ya ragu. Na roƙe shi, da safe muka ɗunguma zuwa gareji. Bai taɓa ko sifana ba sai da ya tambayi saurayin, "Ɗana, da ƙafarta ta shigo nan, ko jawo ta aka yi?" Ya ce, "Da ƙafarta, Baba." Dattijo ya ce, "To, ashe batirin da kwayil da kafiretar da suka kawo ta ba su mutu cikin dare ɗaya ba. Abin da hannu ya taɓa, shi za mu tuhuma."

Wannan ita ce ƙa'idar da na ke so mai karatu ya riƙe. Motar da ta mutu a hanya da motar da ta ƙi tashi bayan gyara ba hukuncinsu ɗaya ba. Ta farko wani abu ne ya gaji a cikinta. Ta biyu kuwa, galibi wani abu ne aka manta, ko aka juya, ko aka ɗaure fiye da kima. Ba inda ka faɗi za ka duba ba, inda ka yi tuntuɓe. Mu ma in yaro ya yi kuskure a rubutu ba mu wanke allon duka, bin sa mu ke yi layi layi har mu kai ga harafin da ya ɓata.

Yadda inji ke aiki

Kafin a fahimci ciwo sai an san lafiya. Injin nan yana da silinda 4, cikin kowace akwai fistin mai hawa da sauka. Aikinsa mataki 4 ne, bisa tsarin da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya tabbatar a 1876. Na farko, fistin ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur. Na biyu, bawul duka su rufe, fistin ya hau ya matse abin da ya zuƙo. Na uku, fulogi ya ƙyasta wuta, abin ya kama, ƙarfinsa ya tura fistin ƙasa. Na huɗu, fistin ya sāke hawa ya kori hayaƙi waje. Kafin waɗannan matakai su cika sai karanshaf ya zaga sau 2, shi kuwa distirbuta, watau mai rarraba wuta, ya zaga sau 1. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Daga nan sharuɗɗan tashin inji suka zama 5: juyawa, da mai, da wuta, da matsi, da lokaci. In ɗaya ya ɓace sauran ba su amfana kome. Dattijo ya bi su a jere, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga wanda ba ya cin kuɗi zuwa mai ci.

Sharaɗi na farko: juyawa

A saurari abin da mota ke yi in an murɗa makulli. In shiru ne, ko ƙas ɗaya kawai, a duba kan batir ko an ɗaure shi, ko ya yi tsatsa. A duba kuma wayar nan mai kauri da ke haɗa inji da jikin mota, wadda makanikai ke kira at, don sau da yawa in an sauke inji akan manta a mai da ita. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in ya sauko wajen 12 ya kusa ƙarewa. Wanda ba shi da ma'auni ya kunna fitilun gaba ya murɗa makulli. In sun dushe ƙwarai, ko batir ya yi sanyi, ko kansa ya yi datti, ko inji ya cije. In ba su ko girgiza ba, wuta ba ta isa kik ba.

In kuwa inji na juyawa da nauyi kamar mai nishi, a dakata. A cire fulogi duka, a sa sifana a juya shi da hannu. Sabon haɗi yakan yi ɗan tauri, amma dole ya zaga. In ya ƙi, ko mital ba daidai ba ne, ko an juya marfinsa, ko ruwa ya shiga silinda. Wanda ya ce a ɗaura wa irin wannan igiya a ja shi da wata mota, ya nemi karya inji. Na Alhaji yana juyawa sarai, sai aka wuce.

Sharaɗi na biyu: mai

A fara da tanki, gama allurar tsohuwar mota ba abar gaskatawa ba ce. Sa'an nan a duba robobin famfon mai, ko an sa ta shiga a wurin ta fita. A cire matatar iska, inji yana kashe, a danna totur da hannu, a leƙa maƙogwaron kafireta. In an ga fetur ya yi tsartuwa, mai ya iso.

Yawan mai ma ciwo ne. Injin da aka yi kwanaki ana murzawa bai tashi ba, fulogi nasa sukan jiƙe, jiƙaƙƙen fulogi kuwa ba ya ba da wuta. Bayan wannan, fetur ɗin yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka sauran, sababbin ringi su yi ta gogar ƙarfe a bushe. Haka dattijo ya tarar da na Alhaji. Ya sa aka shanya fulogi, ya shinshina sandar awon baƙin mai ya ji warin fetur, ya ce sai an juye shi. Ya kuma tsawata wa yaran gareji a kan ɗura fetur a bakin kafireta ana murza inji. Injin da ke atishawa yana iya watso wuta a fuskar mai leƙe.

Sharaɗi na uku: wuta

Wuta tana tasowa daga batir ta bi ta makulli zuwa kwayil. Kwayil ya ɗaga ta daga bolt 12 zuwa dubbai, kontak yana buɗewa yana rufewa don ya ba shi umurni, distirbuta kuma ya raba ta ga fulogi. Masu magana da Faransanci, kamar maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, suna kiran distirbuta delko, daga sunan kamfanin Delco na Amurka wanda ya yaɗa wannan tsari. A cire fulogi ɗaya, a sa masa wayarsa, a kwantar da shi a jikin ƙarfen inji nesa da fetur, a murɗa makulli. Wuta shuɗiya mai ƙara ita a ke so. In babu, a buɗe hular distirbuta, ko an manta rota a kan benci, ko 'yar wayarsa ta kuɓuce, ko kontak ba ya buɗewa. Tazararsa a Fijo wajen milimita 0.4 ce. Na Alhaji ya ba da wuta mai kyau. Dattijo ya sa aka mai da tsohon kwayil, shi ma ya ba da irinta. Saurayi ya sunkuyar da kai.

Sharaɗi na huɗu: matsi

In bawul ba ya rufewa sosai, fistin ba shi da abin da zai matsa. Wannan yakan faru in an ɗaure bawul ba a bar masa tazara ba, ko an ɗora sarƙar taimin ba bisa alamarta ba. Kunne yana gane shi, don injin da ba shi da matsi juyawa ya ke yi da sauri sumul, babu ɗan tsaikon nan da a ke ji a kowace hawa. Tazarar bawul a injin 504, yana sanyi, milimita 0.10 ce ga na shigar mai, 0.25 ga na fitar hayaƙi. In akwai ma'aunin matsi a gwada silinda duka, a ga ko sun yi kusa da juna.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da wannan inji. Silindarsa silif ne waɗanda a ke cirewa, ruwan lagireto yana zagaya su kai tsaye. In an cire kan inji, aka juya karanshaf ba a danne silif ba, sukan ɗaga, abin da ya toshe ƙarƙashinsu ya saki, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Alamarsa mai ya koma kamar kunu. Na Alhaji bai yi haka ba, matsinsa kuma ya cika. Nan dattijo ya juya ya ce, "Alhaji, tsofaffin ringin da suka kawo ta tana hayaƙi ba su ba da irin wannan matsi. Yaron nan bai ci amanarka ba."

Sharaɗi na biyar: lokaci

Saura ɗaya. Ga mai, ga wuta, ga matsi, amma shin wutar tana zuwa a lokacinta? Ku tuna mun ce karanshaf yana zagawa sau 2 kafin aiki ya cika. Saboda haka fistin yana kai ƙoli sau 2, sau ɗaya yana matsa mai, sau ɗaya yana korar hayaƙi, alamar da ke jikin fule kuwa tana daidaita a duka biyun. Har wa yau, fistin na farko da na huɗu tare su ke hawa, sa'ad da ɗaya ke matsawa ɗayan yana kora. Wutar da ta zo wa mai korar hayaƙi ba ta tura kome, sai dai ta kama ɗan man da ya fara shigowa, ya fashe ta kafireta ko ta salansa. Atishawar da motar Alhaji ke yi ke nan, kwana 9 tana faɗin ciwonta ba wanda ya saurara.

Dattijo ya cire fulogin silindar da ke can baya, ya rufe bakin ramin da tafin hannunsa, ya sa aka juya inji a hankali har ya ji iska na tura hannun. Ya ce a tsaya a kan alama. Ya buɗe hular distirbuta, ya bi wayar da rota ke nunawa, sai ga ta ta tafi silindar gaba. Ya tambayi saurayin, "Ina lamba ɗaya?" Ya nuna ta gaba, kusa da fanka. Dattijo ya yi murmushi ya ce, "A motocin Japan da ka saba da su haka ne. Mutanen Fijo daga baya su ke ƙirgawa, daga wajen fulawil." Jerin wutar 1, 3, 4, 2 ne, saurayi kuwa ya haddace shi daidai, sai dai ya fara daga inda ba nan ne farko ba, kowace silinda ta sami wutar 'yar'uwarta.

Aka musanya wayar gaba da ta baya, aka musanya biyun tsakiya. Aka zuba sabon baƙin mai, aka murza inji ba fulogi har fitilar mai ta mutu, don mital kada ya tashi a bushe. Aka mai da fulogi, aka murɗa makulli, mota ta kama nan take. Ba a sayi ko ƙusa ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Sulhu da gargaɗi

Da muka koma zaure na ce kowa yana da rabonsa na laifi. Saurayi bai yi sata ba, amma ya ji nauyin cewa bai sani ba, ya riƙa sa mutum sayen kaya bisa zato, alhali matambayi ba ya ɓata. Alhaji kuwa ya jefi mai sana'a da cin amana a gaban jama'a ba tare da hujja ba, abin da kan kashe wa mutum kasuwa har abada. Aka daidaita saurayi ya rage kuɗin aikinsa, ya kuma nemi masu sayen kayan da ba a bukata. Alhaji ya koma garejin, a inda ya yi maganar, ya janye ta a gaban waɗanda suka ji. Masara kuwa ya saye ta da tsadar da ta ƙaru, ya cika wa masu amana daga aljihunsa. Wannan hasara ba ta dawo ba.

Saboda haka, ya kai mai mota, kafin a kwance inji ka sa a ɗauki hoton wayoyi da robobi da wayar hannu, ko a ɗaura wa kowace waya alama. Ka ce a ajiye maka tsofaffin kayan da aka cire, wannan yana kashe zato tun bai taso ba. In an ce wani abu ya mutu ka ce a nuna maka shaida, ko a aro na wata mota a gwada kafin ka kai hannu aljihu. Kada a murza kik fiye da daƙiƙa 10 a jere, a bar shi ya huce. In sau uku ko huɗu ba ta tashi ba, a daina, a koma ga sharuɗɗan nan. Bayan ta tashi kada ka ɗora mata cikakken kaya ran nan, ka lallaɓa ta, in ta yi kamar kilomita 1,000 a juye baƙin mai, a sāke ɗaure kan inji, a daidaita bawul.

Masu motocin da suka zo daga baya, waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, su ma sharuɗɗan nan 5 ba su sāke ba. Bambancin kawai, a maimakon kontak da kafireta akwai 'yan na'urori masu kai wa kwamfuta labari, in an manta an bar soket ɗin guda a kwance ba za ta saki wuta ko mai ba. A can ma abin da hannu ya taɓa shi a ke fara dubawa.

Ku kuma makanikai, musamman samari, dattawan da suka san waɗannan injuna suna ƙarewa, yawancin abin da suka sani kuwa ba a rubuce ya ke da harshenmu ba. Ku je ku durƙusa ku tambaye su tun suna nan. Saurayin nan yanzu duk Jumma'a da yamma yana wurin dattijon da littafinsa na rubutu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya sa albarka a sana'ar kowa. Haza wasalam.